Dattijon da na bari a jikin dutse

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Talata a tsakiyar zafin Yuli. Ina rubuta wannan ne saboda ku sababbin da aka ɗauka bana.

Aikinmu kai baƙi yawon gari ne. Babban jirgin ruwa yakan tsaya a Manhattan da safe, mu kwashi fasinjojinsa a bas mu zaga da su, mu mayar da su kafin ƙarfe huɗu, domin jirgi ba ya jiran kowa. Kowace bas tana da ma'aikata biyu. Ta gaba tana riƙe da tuta da makirufo, ita ke bayani, ita ke ƙirga mutane ta sa hannu a takarda. Ta baya tana bin sahu don kada wani ya ɓace. A lokacin ni ce ta baya.

Ta gabana Rakiya ce, 'yar Maraɗi. Na riga ta shiga aikin da kusan shekara guda, ni na koya mata hawan jirgin ƙasa daga Bronx. Amma tana da Faransanci, Turancinta ma ya fi nawa santsi, sai shugabarmu Anti Saratu ta ba ta tuta. Baƙi su yi ta dariya da zancenta, su riƙe mata hannu suna godiya, ni kuwa ina baya da jakar ruwa kamar 'yar dako. Ko "Yaya Bilki" da take ce mini sai in ji kamar zagi ne.

Ranar mun fara da Battery Park, inda aka kafa manyan duwatsu da sunayen sojojin da suka mutu a teku lokacin yaƙin duniya na biyu. Cikin baƙinmu akwai wani dattijo Bature mai sanda, shi kaɗai ya zo. Da Rakiya ta ɗaga tuta kowa ya nufi bas, sai na gan shi ya dafa wani suna yana hawaye. Na ce wa kaina ai ba tarbiyya ba ce a katse babba yana kuka. Ƙarya nake yi wa kaina. So nake Rakiya ta ƙirga ta ga babu mutum ɗaya, ta rikice a gaban baƙinta, sannan ni in je in kawo shi.

A bakin bas ta ce, "Yaya Bilki, mun cika?"

Na ce, "Ke ce mai tuta, ƙirga mana."

Wasu Faransawa na ta jan ta da tambaya. Ta ƙirga a gurguje, ta sa hannu, direba ya ja. Na buɗe baki, sai na ga idan na yi magana yanzu za a gane na sani. Na fasa. Muka wuce tsohon cocin nan na Wall Street.

Sai a gadar Brooklyn na ce, "Rakiya, ban ga mai sandan nan ba."

Ta kira Anti Saratu. Ina jin muryar Anti ta waya: "Maganinsa da fasfonsa suna cikin jirgi. Bilki ta koma yanzu, ke ki ci gaba da sauran."

Na koma ban same shi a wurin duwatsun ba. Na yi ta gudu ina tambaya, ina ganin gawar mutum a kaina. Can na hango shi a kan benci, wani Basanagale mai sayar da huluna yana yi masa fifita da kwali. Fuskar dattijon ta yi ja, bai san inda yake ba. Mai hulunan ya dube ni ya ce, "'Yar'uwa, haka kuke yi da tsofaffi?" A tasin da na tare mana ya dawo hayyacinsa, ya ce sunan mahaifinsa ne a dutsen, bai taɓa ganin mahaifin da ido ba. Har haƙuri ya ba ni wai ya ɓata mana lokaci. Muka isa bakin jirgi ana shirin janye tsani.

A ofis Rakiya ta ce, "Anti, ni na sa hannu, laifina ne." Aka dakatar da ita mako guda, aka ba ni tutar.

Ban iya cin abinci ba sai da na je gidan su Rakiya a unguwar University Heights na faɗa mata komai. Ta ce, "Na sani tun a gada. Ke da ba ki taɓa hawa bas ba ki ƙirga sau biyu ba." Ba ta kai ƙarata ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ni da kaina na gaya wa Anti Saratu daga baya, ta ce in rubuta muku wannan.

Abin da na koya shi ne mai tuta ba ta ganin bayanta. Duk bayaninta da sa hannunta sun dogara ne ga zuciyar wadda ke binta. Tutar ba ta koma hannun Rakiya ba, yanzu ita ce ta bayana. Kullum a bakin bas nakan tambaye ta ko mun cika, ta ce mun cika, kuma ba ta taɓa bar mini ko mutum ɗaya ba.