Shekarar da Na Daina Karin Kumallo

Ina gab da cika shekara arba'in wata likita a Garwa ta ɗora ni kan sikeli, ta dubi allurar, ta dube ni, ta ce, "Madam, in da gaske kina son wani cikin, sai kin rage jiki."

'Ya'yana biyu ne, duka mata, ƙaramar har ta shiga lekol, wato makarantar boko. Tun da na yaye ta ban sake yin ko ɓatan wata ba. Mijina dillalin shanu ne, rabin rayuwarsa a hanya take tsakanin kasuwannin ƙauye da mayanka, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Ni ce abin ya tsaya wa a rai. Ina son in ƙara goyo ko sau ɗaya ne kafin lokaci ya ƙure.

Likitar ba ta gaya mini yadda ake rage jikin ba. Ta ce in bar mai da sukari, ta kira mai bi mini. A gidanmu kuwa nama ba ya yankewa, don mahautan da maigidan ke sayar wa shanu ba sa barinsa ya dawo hannu rabbana. Yau kayan ciki, gobe tozo, jibi ƙafar saniya. Ni kuma wuni nake a zaune a rumfar atamfa da na gada daga mahaifina a babbar kasuwa. Shekarun ne da rikici ya lalata hanyar Najeriya, kaya ba sa shigowa kamar da, ciniki ya ja baya. In ba mai saye, sai hira da ciye-ciye.

A wajen wani biki a Dugoi, can Marwa, na haɗu da 'yar baffana da ke aikin ofis a Duwala. Da ƙyar na gane ta. Yarinyar da muka sani da kumatu ta koma kamar budurwa. Na ja ta gefe na ce ta gaya mini maganin da take sha.

"Ba magani ba ne, Adda," in ji ta. "Ki ci abincin dare da wuri, bayan magariba, ki rufe bakinki. Kada ki sake sa komai sai ruwa ko shayi ba sukari, har azahar ɗin gobe."

"To ai azumi ke nan."

"Azumi ne da ake shan ruwa. Jeûne intermittent ake ce masa."

Ta buɗe waya ta nuna mini mata iri-iri suna bayani da Faransanci. Wannan ta ce yana wanke jiki, waccan ta ce yana daidaita ormon, wato sinadaran da ke tafiyar da al'adar mace da haihuwarta. Wata ma ta ɗaga jariri a gaban kamara ta ce bayan shekaru tana nema, da wannan ta samu. Wannan jaririn na gani, ban ƙara jin sauran bayanin ba.

Washegarin dawowata na dama kunu, na soya ƙosai, na sallami yara, na zauna da kofin ruwan zafi. Uwar mijina, wadda muke kira Dada, a gidan take tare da mu. Bafulatana ce daga wajen Tibati, tana gauraya Hausa da Fulatanci yadda ta ga dama, kuma ba abin da ke wuce idonta.

"Ramuwa kike yi?"

"A'a, Dada."

"Nafila?"

"A'a. Don lafiya ne."

Ta dubi kofin da ke hannuna. "Azumi da shan ruwa. To wa zai ba ki ladan?"

Daga ranar ta sa masa suna azumin waya. Maigidan da ya dawo ya ji labari, dariya ya yi. Ya ce in yunwa nake sha'awa, in riƙa yin Litinin da Alhamis, in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Da farko abin ya karɓe ni, ba zan ɓoye ba. Zanina ya fara zagaye ni da saura. Gwiwoyina suka daina ƙara in na tashi daga sujada. Matan kasuwa suna cewa, "Hajiya, me kike sha ne?" Daɗin wannan ya sa na ƙara wuta. Na ɗage cin abinci daga azahar zuwa la'asar, daga baya ya koma sau ɗaya a wuni. Watan azumi ya zo a tsakiyar bazara, a zafin Garwa da ke sa kwalta ta yi laushi, na yi shi da sahur ɗin da bai wuce dabino da ruwa ba. Aka yi salla kowa ya koma cin abincinsa, ni na ci gaba.

Sai hali na ya fara canjawa. Abu kaɗan ke tunzura ni. Akwai wata mata daga Figil da ta daɗe tana sayen atamfar anko a wurina, mai yawan taya kaya ce amma mutuniyar kirki. Ranar nan ta sa na sauke turmi bayan turmi, ta ce wannan ja ya yi yawa, wancan zanen tsofaffi ne. Ban san lokacin da na ce mata in ba saye za ta yi ba ta ba ni wuri. Ta naɗe mayafinta ta fita, ba ta sake dawowa ba. Mai yi mini kitso ta nuna mini gashin da ya cika matsefi, ta tambaye ni ko na yi zazzaɓi. Barci ma ya zama sai an yi dace.

Al'adata ta fara zuwa a makare, ɗan kaɗan kamar ba ta so. Sai wani wata ba ta zo ba gaba ɗaya. Na jira na gaba, shiru.

Ban gaya wa kowa ba, amma a gidan da akwai tsohuwa ba a ɓoye irin wannan. Wata safiya ina alwala Dada ta tsaya a kaina ta ce, "Na ga kin daɗe ba ki yi fashin salla ba." Na sunkuyar da kai. Ta yi murmushin da na manta rabon da in gani a fuskarta. A ranar na bar azumin waya. Ta sa aka riƙa kawo mini kindirmo kowace safiya, ta hana ni hawa babur zuwa kasuwa, ta hana ni ɗaga turmin atamfa. Na roƙe ta ta bari sai abin ya yi ƙwari, ta ce ƙanwarta kaɗai za ta gaya wa. Kafin mako ya zagayo, har daga Tibati an aiko mini da bandar kifi.

Na aiki mai aikinmu farmasi ta sayo abin gwajin fitsari. Layi ɗaya ya fito. Na ce ƙila ya lalace da zafi, na sayo wani da kaina a wani wurin. Layi ɗaya. Dada ta ce tsinken Turawa ba ya ganin abin da Allah ya ɓoye, ciki ne ya kwanta, ta san matan da nasu ya kwanta shekara guda ya tashi. Ina son in yarda da ita ƙwarai.

Na koma asibiti. Likitar da ta ce in rage jiki an yi mata canjin wurin aiki zuwa kudu. Wani saurayin likita na tarar, ya sa aka yi mini hoton ciki. Ya juyo da allon wajena ya ce babu komai, mahaifa lafiya lau, amma babu ciki. Na ba shi labarin yadda na riƙa cin abinci a watannin baya. Ya ajiye biro.

"Wa ya ce ki yi haka?"

"An ce in rage jiki."

"An ce ki rage jiki, ba a ce ki kashe kanki da yunwa ba. In jikin mace ya ga abinci ya yi ƙaranci, yana iya dakatar da al'ada. Zai iya zama wannan ne." Ya duba shekaruna a kati. "Zai kuma iya zama farkon menopoz, wato ɗaukewar al'ada gaba ɗaya."

"Wanne ne a ciki, dokta?"

"Sai an gwada jini."

A ɗakin gwaji aka ce sinadarin yin wannan gwajin ya ƙare, ana jiran a kawo daga Yawunde. Na yi ta zarya har masu gadi suka san ni. A ƙarshe na je wani wurin gwaji na 'yan kasuwa da ke aika jini kudu. Da sakamako ya dawo bayan makonni, na kai wa likitan kamar mai kai takardar hukunci. Ya duba, ya karkata kai, ya ce lambobin a tsakiya suke. A shekaruna, in ji shi, yau su hau gobe su sauka, gwaji ɗaya ba ya yanke magana. In ci abinci sosai, in dawo bayan wata uku.

Na fito na tsaya a inuwar dalbejiya a bakin asibitin na kira 'yar baffana. Na gaya mata komai.

"Ikon Allah! Ni dai ban samu matsala ba, Adda. Ƙila ba ki yi shi daidai ba ne."

Ta girme wa babbar 'yata da 'yan shekaru ne kawai, ni ban yi wannan lissafin ba a wajen biki. Da yamma ta turo mini wani bidiyo. Ɗaya daga cikin matan nan ce da ta nuna mini a Marwa, da irin murmushin nan nata, tana bayanin cewa macen da ta doshi arba'in ko mai neman haihuwa ta yi hattara da dogon azumi, don yana iya dagula mata ormon. Na kalla har ƙarshe. Da wayar ba ta da tsada da na buga ta da bango.

Na je wurin mahaifiyata a tsohuwar unguwarmu, don likitan ya ce sau da yawa 'ya tana bin sawun uwarta a wannan lamari. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya tambaya.

"Inna, ke kina da shekara nawa ya ɗauke miki?"

Ta dube ni kamar na yi ashar. "Wa ke lissafin wannan? Bayan na yaye autana na ga ya daina zuwa, na gode wa Allah na huta da ramuwar azumi."

"Amma kin yi arba'in lokacin?"

"Ke, ni na san shekarar da aka haife ni ne?"

A Islamiyya ma na gwada malamarmu bayan an tashi. Ta karanto mini hukuncin macen da ta ɗebe tsammanin haila, yadda iddarta take da yadda sallarta take. Ta san wannan sarai. Abin da nake tambaya daban ne, kuma ban sami bakin sake maimaita shi ba.

Mafi wuya shi ne gaya wa Dada. Ta saurare ni, ta tashi ta shiga ɗakinta. Ashe kunyar janye maganar da ta baza ce ta dame ta. Sai ta gaya wa dangi cewa cikin ya zube. Mata suka fara sallama da kwanonin kunun kanwa da farfesu, suna zama a tabarmata suna cewa, "Sannu, Allah ya mayar da alheri, Allah ya sa mai ceto ne." Wata ta ba ni labarin ɓarinta uku tana hawaye. Na zauna ina amsa amin, ina karɓar jajen abin da bai taɓa kasancewa ba. In na faɗi gaskiya na ƙaryata uwar mijina a gaban danginta.

Da maigidan ya dawo daga kasuwar shanu na sauke masa duka, har da kuka. Ya ce, "Ki ci abincinki kawai. Ni ban ce ki ƙara haihuwa ba, ban ce ki rame ba." Na san lallashi yake nufi. Amma ji na yi kamar ya ce wahalar duka ni na saya wa kaina, kuma na rasa da wa zan yi faɗa.

Jikin da na zubar ya dawo har da riba. Al'adar ma ta dawo bayan wasu watanni, na yi murna kamar yarinya. Ta zo sau biyu a jere, ta ɓace, ta sake leƙowa. Haka muka yi ta wasan ɓuya da ita kusan shekara uku. Na koma asibiti sau da dama, kowane zuwa da sabon likita, kowanne sai na faro labarin daga tushe. Ɗaya ya ce azumin ba shi da laifi, lokacina ne ya zo da wuri. Wata ta ce ƙila ya tsokano abin da ke kwance. Babu wanda ya iya gaya mini ko watannin da na yi ina shan ruwan zafi da safe su ne damata ta ƙarshe, ko kuwa damar ta riga ta wuce tun kafin in je Marwa.

Daga baya zafin nan ya fara taso mini. Ina tsaka da auna wa mai saye yadi sai in ji wuta ta taso daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa mini ɗankwali. Maƙwabciyar rumfata takan miƙo mini mafici ta ce, "Zafin Garwa ne, Hajiya." Nakan ce mata haka ne.

Zuwan ƙarshe da al'adar ta yi, ban san shi ne na ƙarshe ba. Na ma sayo sabon ƙunshin audugar mata na ajiye a ƙasan akwati don wata mai zuwa. Ya daɗe a wurin ba a buɗe ba. Ranar da ƙaramar 'yata ta shigo ɗakina tana ta murza gefen hijabi, ta kasa haɗa ido da ni, shi na ɗauko na ba ta, na ce ta ja ƙofa ta zo ta zauna.