Maus Mai Nauyi da Na Saya wa Yayana

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarun da na yi ina buga wa mutane takardu a wani shagon kwamfuta a Gummi, kuma mafi yawansu sun shafe daga kaina. Amma maganar maus ɗin da na saya wa yayana, wannan kam har in koma ga Allah ba zan manta da ita ba. Abu ne da bai fi tafin hannu ba, wanda ake turawa a kan tebur kibiyar kwamfuta tana motsi, amma saura kaɗan ya mayar da mutum ɗaki har abada.

Yayana injin niƙan dutse yake ja a Tungar Daji, lokacin da haƙar zinariya take tashe. A kawo duwatsu cikin buhuna, shi ya niƙa, ƙura ta tashi ya shaƙa, tun safe har yamma. Da maganar gubar dalma ta bayyana, aka auna jininsa aka ce ta yi masa yawa. Ya sha magani ya tashi, sai dai hannunsa na dama ya ƙi komawa daidai. Wuyan hannun ne ya saki. In ya miƙa hannu sai tafin ya langaɓe ƙasa, yatsun suna motsi amma ba ƙarfi. Likita ya ce ya riƙa sa hannun aiki a hankali, kada ya bar shi ya kwanta. Shi kuwa mutumin da yake cira buhun dutse shi kaɗai, sai ya dawo gidanmu a Bukkuyum ya shige ɗaki. Ba majalisa, ba kasuwa, masallaci ma in zai je sai ya cusa hannun cikin aljihun riga.

Abin da ya fito da shi, wallahi ko ni ban zata ba. Maigidana ya bar mini wani tsohon laftof na shago, na kai gida na ajiye. A cikinsa akwai wani wasa na gina gari: ka sa mutane su yi noma, su saro itace, ka gina ganuwa, in abokan gaba suka zo ka tura musu mayaƙa. Da maus ake yin komai a cikinsa. Wata Asabar na nuna wa Yaya don dai in ga ko zai yi dariya, ya ce wannan ai aikin marasa aikin yi ne. Da na dawo Asabar ta gaba, na tarar ya gina gari har da rumbuna.

Yana zama a kan tabarma a inuwar darbejiya, laftof a kan kujerar tsugunno, maus a kan wani ɗan katako da yake ɗorawa a cinya. Da hannun dama yake yi. Hagunsa lafiyarta ƙalau, amma ya ce shi ba zai koma bahago da girmansa ba. Babban abin shi ne batirin laftof ɗin ba ya daɗewa, kuma ba ya yarda kowa ya kai masa caji. Shi da kansa yake rungumarsa ya tafi wurin mai janareta a bakin tasha, ya zauna yana jira, ana hira yana sa baki. Haka ya koma cikin mutane ba tare da ya sani ba.

Maus ɗin da yake amfani da shi ƙarami ne mai igiya, mara nauyi kamar kwalin ashana. Wata rana ya tashi sallar la'asar, ɗan akuyar Inna ya tauna igiyar ya raba ta biyu. Sai ga wayar Yaya ina shago. Tun da ya kwanta bai taɓa roƙona komai ba, amma ranar ya ce in akwai irin wanda ba shi da igiya, in samo masa. Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina sai na kai masa wanda ya fi kowanne.

Na je wurin wani mai sayar da kayan waya da ke sarowa daga Sakkwato. Ya jera mini guda uku marasa igiya. Ɗaya ɗan fari ne, ba shi da wani kwarjini. Ɗaya matsakaici. Na ukun baƙi ne, ƙato, da maɓallai a gefe da jar wuta mai ƙyalli, ya ce wannan na masu wasan kwamfuta ne. Ban tambayi komai ba, na yi abin da duk ɗan yankinmu zai yi: na ɗauki kowanne na jinjina a tafin hannu. Mu haka muke sayen kaya. Batir, caja, tocila, kwado, ruwan gatari, duk wanda ya fi nauyi shi ne na asali. Masu haƙo ma jinjina dutse suke yi, in ya yi nauyi su ce akwai rabo a ciki. Baƙin nan ya zauna a hannuna daram, na ce shi nake so.

Mai shagon ya tambaye ni wa zai yi amfani da shi, ya ce ɗan farin ma yana da kyau, kuma ya fi sauƙin sarrafawa. Nan take raina ya ɓaci. Na ɗauka ya gan ni ɗan Bukkuyum ne yana so ya liƙa mini tarkace. Na ce masa aikin kwamfuta nake yi, ba yau na fara ganin maus ba. Mutumin ya sa mini a kwali. Yanzu in na tuna, tambaya ɗaya ce ya yi mini, kuma ita ce kaɗai tambayar da take da amfani.

Ranar Asabar na kai. Yaya ya karɓa, ya jinjina shi, ya gyaɗa kai ya ce lalle wannan na asali ne, ya sa mini albarka. Da hagu ya jinjina, amma ni ban lura ba. Na soka ɗan abin da ke haɗa shi da laftof, jar wuta ta kama, ya ɗan tura shi a kan katako. Bai daɗe ba ya ce rana ta yi zafi, sai an jima. Washegari na hau kabu-kabu zuwa tasha ina jin kaina kamar na sauke farali.

Aiki ya riƙe ni mako uku ban je gida ba. Da na je, ba kowa a gindin darbejiya. Yaya yana ɗaki a kwance yana fuskantar bango, laftof a ƙarƙashin gado an lulluɓe shi da tsumma, maus kuma an mayar da shi kwalinsa. Na tambaye shi ko ya lalace ne, ya ce lafiyarsa lau, shi ne dai wasan ya fita ransa. Mai janareta ma ya tare ni a hanya yana tambayar ko jikin ne ya tashi, don ya kwana biyu bai gan shi ba.

Ni dai da saurin fushi aka san ni. Na sami Inna tana sussukar gero, na hau mita, na ce na zaɓo abu mafi kyau a shago an wurga shi ƙarƙashin gado, in ba a so ai sai a faɗa. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta jingina taɓarya.

"Kai da kas sawo abinga," in ji ta, "ka tsaya ka ga yadda yake riƙon shi?"

Na ce ban tsaya ba.

Ta ce ita ta tsaya. Inna ba ta san kwamfuta ba, amma ta san hannun ɗanta. Ta ce yana iya tura abin har ya kai bakin katako, to daga nan sai an ɗaga shi an dawo da shi tsakiya, kuma ɗagawar ce ta gagara. Da ya cira sai ya suɓuce ya faɗi a tabarma. Ta ce kwana uku tana leƙensa daga madafa yana gwadawa, gumi yana zubo masa, ranar ta huɗu ya naɗe tabarmarsa ya shiga ɗaki. Na je na ɗauki kwalin na sa a jaka.

Ranar Litinin na koma wurin mai shagon nan da kunyata, na faɗa masa gaskiyar wanda zai yi amfani da shi, na roƙi ya musanya mini da ɗan farin. Ya ce an saye shi tuni. Bai yi mini gori ba. Ya juya baƙin, ya kwance ƙusoshi, ya buɗe cikinsa. Ga wani guntun ƙarfe a ɗaure a tsakiya, ba waya ko ɗaya da ta taɓa shi. Ya ce wasu masu wasa suna son su ji nauyi a hannu, shi ya sa ake sa shi, amma ba ya aikin komai. Ya cire, ya mayar da murfi, ya miƙo mini. Abin ya zama sakayau. Wato nauyin da na yi ta taƙama da shi, har na yi wa bawan Allah tsawa a kansa, ƙarfen banza ne.

Ban jira Asabar ba, na nemi izini na tafi a ranar. Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na ce Yaya ya fito ya gwada sau ɗaya don Allah. Ya fito ne kawai don kada ya watsa mini ƙasa a ido. Ya ɗora hannu, ya tura har bakin katako, ya tsaya. Sannan ya cira, abin ya taso, ya dawo da shi tsakiya. Ya sake yi. Ya sake. Na zaro guntun ƙarfen daga aljihu na ajiye a gabansa, na ce wannan ne yake ciki.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe ba hannuna ba ne," ya ce a hankali. "Ni na ɗauka hannun ne ya ida mutuwa."

Wannan maganar ta soke ni. Shi ma ɗan yankinmu ne, shi ma ya yarda mai nauyi shi ne mai kyau. Don haka da abin ya gagare shi bai zargi maus ba, kansa ya zarga. Mako uku yana kwance yana zaton cutar ce take ci gaba, bai faɗa wa kowa ba, ni kuma ina can ina cewa bai gode ba.

Washegari da hantsi ya rungumi laftof ya nufi bakin tasha. Hannun bai taɓa komawa yadda yake da ba, ba zan yi ƙarya ba, amma bai sake kulle kansa ba. Ƙarfen yana nan a kan teburina ina danne takardu da shi. Abin da na koya shi ne, in za ka zaɓar wa mutum abu, ba a hannunka za ka jinjina shi ba. Je ka dubi hannun da zai riƙe shi tukuna.