Goggo Tafida da Kifin da Aka Ɗinke wa Baki

A unguwarmu a Tanta ta ƙasar Masar, in uwa tana son yarinya ta shiga taitayinta sai ta ce, "Bari in faɗa wa Abla Tafida." Haka kowa yake kiranta, Abla, wato malama, don ta tsufa tana koyar da ɗinki da girki a makarantar 'yan mata. Yayar mahaifina ce. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, rainon kuma ya cinye mata lokacin aure. Ba miji, ba ɗa, ba gona. Sunanta kaɗai take da shi, ta kuwa riƙe shi gam. Dangin ango wurinta suke zuwa tambayar halin yarinya kafin su kai kuɗi. In ana kallon fim a gidanta namiji ya matsa kusa da mace, sai ta miƙe ta tare talabijin da faɗin jikinta har a wuce wurin.

A zamanin nan ne ƙananan littattafan Midhat Zaharan suka cika tashar jirgin ƙasa. Duk kusan tafiyarsu ɗaya: aljani ya hango mace tana taje kai gaban madubi ya kamu, ko boka wanda asirinsa ba ya ci sai ya kwana da wadda ta kawo kuka, ko matar da ke ɗaure namiji da zaren wandonsa. Mun karance su tas, mu da matan aure, har da waɗanda suke tsine wa marubucin da rana. Liman ya yi huɗuba a kansu. Goggo in ta kama ɗaya a hannun ɗaliba, sai ta ƙura mata ido ta ce, "Har ina kika kai?" Yarinya ta faɗa, ita kuma ta jefa shi a jaka.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna gidanta, ni da iyayena, an zuba miyar lalo da zomo, sai aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Wata ƙatuwar baƙauya ce cikin baƙaƙen kaya, tana jan wata matashiya da ko kai ba ta iya ɗagawa.

"Ina Ustaz Midhat Zaharan?"

Mahaifina, Shahata, ya ajiye cokali. "A'uzubillahi! Hajiya, kin san gidan wa kika shigo kuwa?"

Ba ta saurare shi ba. Ta zube a kan tabarma ta shiga zazzago magana, abin da ko a ɗaki ban taɓa jin an faɗa da ƙarfi ba. Sunanta Fatahiyya, daga wani ƙauye wajen Basyun. Wannan 'yarta ce, Nagwa, an kai ta ɗaki tun kafin azumi, amma har yau tana nan yadda ta bar gidan ubanta. Angon, Gabir, bakanike ne, lafiyayye kamar doki. 'Yar baffansa da ta sa rai da shi ita ta buɗe littafin Midhat ta bi shi tiryan-tiryan: ta zare zare daga wandonsa na ciki, ta ƙuƙƙulle, ta cusa a bakin kifin karfasa mai rai, ta ɗinke bakin, ta saka shi a rafi. Safiyar biki ta aika masa da labari. Tun ranar an ɗaure shi. Malamai sun yi rubutu da za'afaran ya sha, likita a Mansura ya ce ba abin da ke damunsa. Yanzu uwarsa ta juya zance, wai aibin daga yarinya yake, in wata ya mutu ba labari za a dawo da ita.

"Kuma littafin bai faɗi makari ba!" in ji ta. "Na je har Alƙahira, na zauna a ƙofar maɗaba'a har mai gadi ya tausaya min. Ya ce Ustaz ba ya zuwa da kansa, 'yar'uwarsa ce ke kawo rubutun, wata malama mai jiki daga Tanta." Ta dubi Goggo, ta dubi mahaifina, sai ta yi wuf ta cafke masa riga. "Ashe kai ne! Ga saje kamar na kirki! Wallahi ba za ka ƙara loma ba sai ka kwance min suruki!"

Kallon da mahaifiyata ta yi masa, har yau ban manta shi ba. Shi kuwa rantsuwa yake yana tura matar waje, yana cewa a kira 'yan sanda. Goggo na zaune ba ta ko motsa ba. Da ta ƙara yin shiru kaɗan, da an wuce wurin, a ce wata mahaukaciya ce ta ɓata hanya.

Sai Nagwa ta yi magana, a karon farko. "Mama, zo mu tafi, kin tona mu a banza." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni ba dawowar ce ke damuna ba. Shi nake ji. Jiya ya ce min in ya mutu in yafe masa."

"Shahata, sake ta," in ji Goggo. "Ni ce."

"Ke ce me, Abla?"

"Midhat Zaharan. Babu wani ɗan'uwa. Rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

 Matar da ke tare talabijin! Duk shafukan nan da muke karantawa kunnuwanmu na zafi, ashe a teburin nan aka rubuta su, gefen keken ɗinki. Mahaifiyata ta dafe ƙirji tana salati. Mahaifina ya fita ko takalmi bai saka daidai ba.

Goggo ta ja Fatahiyya da 'yarta kicin, na bi su da tire don kada a kore ni.

"Ki saurare ni, Ummu Nagwa," in ji ta. "Ƙarya ce tsagwaronta. Ranar da na rubuta wurin nan kifi nake gyarawa, shi ya sa na sa kifi. Da kabeji nake naɗewa, da kabeji za ta jefa a rafi."

"To ya aka yi ya ci?"

"Tsoro ne ya ci shi, ba kifi ba."

"Ki ji tsoron Allah, Abla. Ko kuɗi kike so? Ga warwarona."

Goggo ta yi bayani har muryarta ta dushe, matar ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Na ga lokacin da ta gane cewa gaskiya ba za ta ceci yarinyar nan ba. Ta lumshe ido, da ta buɗe sai ta koma magana da wata irin murya mai nauyi, irin ta bokayen littafinta. Ta ce kifin ruwan daɗi ba ya rayuwa a teku, can asirinsa yake mutuwa. Ango da amarya su tafi Ras al-Bar a bakin teku, su kaɗai, ba uwa ba uwar miji. Su shiga ruwa da sassafe hannu cikin hannu. Kada ya kusance ta sam har sai sun ga Juma'a, in ya karya wannan sharaɗi laifinsa ne. Kuma duk wanda ya tambaye su labari bayan sun dawo, ɗaurin kansa zai koma.

Bai kai Juma'ar ba ya karya sharaɗin, ɗaurin ya kwance. Fatahiyya ta dawo da agwagi biyu, tana rangaɗa guɗa tun daga bakin layi, tana shelar cewa Abla Tafida ta kwance abin da ya gagari malamai. Da guɗar nan ta kashe wa Goggo suna. Kafin wata ya zagayo shugabar makaranta ta roƙe ta ta ajiye aiki. Masu tambayar halin amare suka ɗauke ƙafa. A madadinsu wasu mata suka fara zuwa a ɓoye da zaren wandon mazajensu a ƙulle a hankici, tana korarsu da tsintsiya. Mahaifina bai sake taka gidan ba. Rubutun ma ta daina.

Ni ce na ci gaba da kai mata cefane. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Goggo, me ya sa kullum sai da aljani?"

"In na rubuta mace ta ga namiji ta so shi da kanta, a ce 'yar iska ce, a ƙona littafin," in ji ta. "In na ce aljani ne ya shige ta, sai a tausaya mata, a karanta har ƙarshe."

"Amma ke a ina kika san duk wannan?"

Ta harare ni. "Uban wa ya ce miki na sani? Miƙo min almakashi."

Da ta rasu, matan da ke wankan gawa a unguwarmu, waɗanda rabinsu ita ta koya musu riƙe allura, kowacce ta sami uzuri. Ɗaya ta faɗa min ƙiri-ƙiri cewa ba ta taɓa jikin matsafiya. Na zauna da gawar har azahar ta gota, ban san ta inda ake farawa ba, ina kuka ina zagi. Sai ga Nagwa ta shigo, ta yi ƙiba, har furfura ta fara fito mata. Gabir ne ya ji a bakin wani direba, ya rufe gareji ya kawo ta. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta naɗe hannun riga ta ce in ɗora ruwa.

Ina zubawa tana cuɗawa a hankali. Da muka zo juya ta sai ta sunkuya kusa da kunnenta ta ce, "Sannu, Abla. Yi haƙuri, ruwan ya ɗan yi sanyi."