Shekarar da Munka Ɓoye wa Yaya

Ku aje abin da ke hannunku, ku matso kusa, ku ara mini kunne. Ga ta nan tafe, amma ba tatsuniya ba ce, don da idona na gan ta, kuma da hannuna a cikinta.

Mu uku Innarmu ta bari a duniya. Babbarmu ita ce Yaya, wadda anka kai aure Nasarawa Burkullu tun ban yi wayo ba. Mai bi mata namiji ne, ya yi zamansa Gummi yana noman shinkafa, har yara sunka sa mishi Baban Gummi, mu ma munka bi bakinsu. Sai ni a nan Anka, inda anka haife mu. Na yi furfura, na yi jikoki, amma ga su biyun nan ban tashi daga Auta ba.

A gidanmu ba a cin jelar ragon layya ranar Sallah. Gishiri ake shafe ta da shi, a rataye bisa murhu, hayaƙi ya yi ta dukanta har sabuwar shekara ta kama. Daren cika-ciki sai a sauke ta, a dafa da daddawa da yaji, a tuƙa tuwon gero, kowa ya ci har ya kasa tashi. Inna ce ke rabawa, duk wanda ta miƙa wa tsoka sai ta ce Allah shi kai shi ta baɗi. Da ta rasu, rabon ya koma hannun Yaya. Ƙarshen jelar kuwa, ɗan siririn nan, na Baban Gummi ne. Tun yana yaro yake satarsa bisa murhu, har Inna ta gaji da duka ta bar mishi. Ko bayan mun tsufa, Yaya kan yanke shi ta ba direba ya kai Gummi. Da waya ta zo, sai ya zama kowace ranar cika-ciki shi ke fara kira. Ya ce, "Ina tsohuwar can?" Ta ce, "Ga ni, ɓarawon jela." Daga nan su yi wa juna barka da shekara, su yafi juna.

Shekarar da nake ba ku labari, sabuwar shekara ta faɗo ƙarshen damina, gero ya nuna ana shirin girbi. Bayan Babbar Sallah kaɗan hawan jini ya kayar da Yaya a tsakar gidanta. Babban ɗanta ya ɗauko ta ya kawo wurina don ta yi kusa da asibiti. Ta iso ƙafafu a kumbure, ga yanar ido ta rufe mata gani, haske kawai take bambancewa da duhu. Duk da haka, da anka shimfiɗar da ita, ƙunshin kayanta ta fara lalube. Ta zaro wani abu naɗe cikin takarda ta miƙo mini.

"Auta, rataye min wagga bisa murhunki. Kada hayaƙi ya yanke mata."

Jelar ragonta ce. Mace ba ta iya tsayuwa, amma ba ta manta da jela ba.

Likita ya kafa mata doka: ba gishiri, ba kitse, ba jan nama. Ɗanta ya dawo da maganar ya maimaita mini a zaure.

"Inna ƙarama, an ce in ta sake faɗuwa ba lallai ta tashi ba. Kin san halinta. In anka dafa jelar nan gabanta, wa zai hana ta?"

Na ce babu. Ni da ta goya a bayanta, da wane baki zan ce mata kada ta ci?

Ya ce, "To kada ta san ranar ta zo."

Shi ya faɗa, amma ni na aikata. Na ɗauke rediyo daga ɗakinta na ce ta lalace. Na ja wa mutanen gida kunne. In ta tambaye ni, "Auta, ina munka kwana ga wata?" sai in ce da saura. Ita ba ta ganin wata, ni ce idonta. Kullum na faɗi haka sai in fita in duba maganinta, in ce wa kaina ai rai nake tsarewa.

Ni kaina tsoro ne ya cika ni a kwanakin nan. Baban Gummi ma ba lafiya gare shi ba, ciwonsu ɗaya da Yaya, sai dai shi ba mai iya kafa mishi doka. Ina kwance ina jin numfashin Yaya, hankalina na Gummi. Mutane na murna da sabon gero da sabuwar shekara, ni ina lissafin wa za ta tafi da shi cikin biyun.

Ranar ta zo ina azumi. Da hantsi na kai mata kunu, ta ce in zauna mu sha tare kamar kullum. Na ce azumi nake.

"Azumin mi?"

"Ramuwa, Yaya."

Ta yi dariya har da tari. "Ramuwa? Ke da kinka bar wanga zance tun jikanki na fari na rarrafe? Ko yarinta ta dawo miki ban sani ba?"

Na ce alkawari ne na ɗauka saboda ciwonta. Ta sha kununta.

Bayan azahar na sauke jelar a hankali. Hannuna da kansa ya yanke ƙarshen ya mayar bisa murhu, ban ma yi tunani ba. Sauran na rufe da mayafi na tsallaka gidan maƙwabciyata, don kada ƙamshi ya kai ɗakin Yaya. Can munka aza tukunya.

Ina gaban tukunyar nan, la'asar ta yi sanyi, waya ta yi ƙara a ƙugu na. Baban Gummi ne. Harshensa ya ɗan yi nauyi, amma wasan na nan.

"Auta, kin cika ciki ko da saura? Ba ni tsohuwar can."

Na san in na kai mata wayar, maganarsa ta farko za ta tona komai. Na ce, "Barci take."

"Barci? Ranar cika-ciki? Lallai tsuhwa ta kama ta. Tashe ta mana."

"Magani ta sha, Baba. An ce kada a tashe ta."

Na ji yana numfashi kamar wanda ya hau tudu.

"To ki ce mata barka da shekara. Ki ce ɓarawon jela na gaishe ta, shina jiran rabonai. Ki ce ta yahe min, na da can da na yanzu. Allah shi kai mu ta baɗi. Kin riƙe?"

Na ce na riƙe.

Da anka kira magariba mutanen gidana sunka riƙa sulalewa ɗai-ɗai zuwa maƙwabta. Ba wanda ya raba, ba wanda ya yi wa wani addu'a, kowa ya ɗiba ya ci a tsaye. Ni ma na sha ruwa, na ci. Ta yi daɗi ƙwarai, na ma ƙara. Har yau in na tuna ƙarin nan kunya ke rufe ni.

Na wanke hannu da toka, na sake da sabulu, sannan na ɗauki tuwon Yaya da miyarta marar gishiri na shiga. Na kama hannunta zan tayar da ita zaune. Sai ta riƙe nawa, ta kai shi hancinta. Ta daɗe a haka.

"Gishirin ya ji?" in ji ta.

Kafin in amsa ta ƙara da cewa,

"Ni na shafa mata da hannuna. Na ji tsoron ko ya yi yawa."

Na durƙusa na fara kawo maganar likita. Ta ɗaga mini hannu.

"Auta, da kin kawo min tukunyar na raba. Wa ya ce miki sai na ci? Nama anka hana ni, ba a hana ni sa wa ɗiyana albarka ba."

Wallahi tunanin nan bai taɓa zo mini ba, ba ni ba, ba ɗanta ba. Mun tsaya ga bakinta, mun manta da hannunta.

Ta ci loma kaɗan ta ture kwanon. Ta juya fuska ga bango ta ce, kamar da kanta take, "Har na Gummi bana ya manta da ni."

Saƙonsa na bakina. Amma yanzun nan anka kama ni da ɓoyo ɗaya, sai na ji ba ni iya buɗe na biyu. Na ce a raina gobe, in ta huce. Gari ya waye ba ta cewa komai sai amsa gaisuwa, na ce sai ta ɗan saki. Haka na yi ta ɗaga maganar, ita kuwa ba ta ce a kira shi ba, don ita ce babba, kuma shi ke fara kira.

Makon bai ƙare ba matar Baban Gummi ta bugo. Ya faɗi wurin alwala. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Na shiga ɗakin Yaya na zauna a ƙasa. Na gaya mata faɗuwarsa, sannan na gaya mata ya kira, da abin da na ce mishi, da abin da ya ce in faɗa. Ina jira ta yi faɗa. Da ta yi, da na ji sauƙi.

Ta ce, "Sake faɗi. Yadda ya faɗa."

Na sake.

"Ɓarawon jela ya ce, da bakinai?"

"Awo, Yaya."

"Kun cinye har rabon nashi?"

Na ce yana nan bisa murhu. Ta ce in sauko da shi, in kira mata yaron nan ya nemo mota.

Ɗanta ya so ya yi gardama, ya dubi fuskarta ya fasa. Munka sa ta gaban mota da matashi, munka kama hanyar Gummi, gonaki hagu da dama an fara kwantar da gero. Ƙarshen jelar na ƙulle a bakin zanenta, ba ta yarda kowa ya riƙe mata ba.

Mun same shi kwance bisa tabarma, ido biyu. Anka zaunar da ita kusa da kansa. Ta lalubi fuskarsa, ta shafa gefen da ya karkace.

"Ga ni, ɓarawon jela. Saƙonka ya iso, ya dai yi nawa a hanya. Barka da shekara. Na yahe maka, kai ma ka yahe min, don na zarge ka da mantuwa."

Bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito sai iska. Idonsa ya bar ta ya sauka kaina. Ban san abin da ke cikin kallon nan ba, kuma babu ranar da zan sani.

Matarsa ta dafa ɗan guntun har ya narke ya zama romo. Yaya ta karɓi cokali, ni na riƙe mata hannu ina kai shi bakinsa. Rabi na shiga, rabi na zuba bisa ƙyalle. Kowane cokali sai ta ce Allah shi kai ka ta baɗi. Da ya rufe baki, ta miƙa wa ɗanta kwanon ya kurɓa, ta miƙa wa matar gidan, sannan ni. Ta yi wa kowa addu'arsa, tawa ba ta rage komai a ciki ba. Ita ko ɗigo ba ta kai bakinta ba.

Baban Gummi bai ƙara magana ba. Ya kai har anka share gonaki, ya rasu kafin ruwan farko, Allah shi jiƙan shi. Matarsa ta koma wurin 'ya'yanta, tana nan da ranta. Ɗan Yaya yanzu shi ma maganin hawan jini yake sha, kuma ya hana a ɓoye mishi komai. Yaya ta koma Nasarawa Burkullu, ta ga wasu shekaru biyu a kan abincinta marar gishiri, tana raba jela a zaune ba ta ci. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, amma ba ta ƙara tambayata kwanan wata ba, sai ta tambayi wani ko ina zaune. A ɗakinta ta cika, da rana tsaka, ina riƙe da ƙafafunta.

Ni kuwa ga ni, rabo ya dawo hannuna. Kowace shekara nakan yanke ƙarshen jelar in bayar sadaka, sannan in raba saura. In waya ta yi ƙara ranar, ko wa ake nema a gidan nan, ko barci yake, sai an tashe shi. Nan ta tsaya, ku tashi ku kama ayyukanku.