Ƙwayar Barcin Aminiyata da Masu Binciken Aure

Shekarun baya, lokacin ƙafafuna suna kai ni kasuwar Tudun Wada su dawo da ni ban nemi dakalin kowa ba, wani abu ya faru tsakanina da aminiyata wanda har yau nake juya shi a raina. Ni ban yi boko ba, baki gare ni, jikata ce ke danna muku wannan a waya. Kuma sai da na nemi izinin mai labarin, ta ce in faɗa, in dai ban kama suna ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, da 'yar ƙofa da mazajenmu suka fasa mana saboda sun gaji da jin muna hira ta saman katanga. Waina take soyawa, har daga Gyallesu ake aiko kwano. Da mijinta ya rasu ta shiga takaba, barci ya ƙaurace mata. Wata mai zuwa gaisuwa ta ba ta labarin wata 'yar ƙwaya a kemis, ta ce ana sha ana mantawa da duniya. Ta sha ɗaya, ta yi barci. Daga ɗaya ta koma biyu, daga biyu ta daina ƙirgawa. Aka fita takaba, ƙwaya ba ta fita ba.

Wa zai kawo wa tsohuwa mai carbi a hannu zancen shaye-shaye? Mu a saninmu wannan na samarin bakin kwata ne. Na dai ga tandar waina ta yi sanyi, na ga mace mai tsabta tana wuni da zanen da ta kwana da shi. In na yi mata magana sai ta dube ni kamar daga nesa take hango ni, wani lokaci hawaye ya zubo ba dalili. Na ce kewar miji ce, za ta wuce.

Babban ɗanta, ma'aikaci ne a Kaduna, shi ya gano ƙwayoyin a ƙarƙashin katifa. Ya kwashe duka ya zuba a masai, ya je ya yi wa mai kemis tas, ya dawo ya ce, "Inna, daga yau an gama." Ni kuwa har da sa masa albarka, ina ganin yaro ya yi abin kai.

Ba a daɗe ba ta fara rawar jiki, gumi na tsatso mata, ko motsin cokali firgita ta yake. Wata safiya autarta ta faɗo ta 'yar ƙofar nan tana ihu. Na tarar da ita a ƙasa bakin rijiya tana fizge-fizge, idanu sun juye. Kafin ka ce me mata sun cika gida. Wannan ta ce iska ce, a kawo hayaƙi. Waccan ta ce a kira mai ruƙiyya. Na ce duk mai addu'a ya biyo mu da ita, asibiti ba ya hana ta shiga. Muka ɗauke ta a keke mai ƙafa uku.

Da ta farfaɗo aka tura mu ɓangaren masu duba ƙwaƙwalwa. Kun san sunan da mutanenmu suke kiran wurin, ba sai na faɗa ba. Tana ganin inda muka nufa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Ke yanzu nan kika kawo ni? Tsirara kika gan ni a kasuwa?"

Na ce, "A bakin rijiya na gan ki. Wuce mu je."

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'ya'yanmu ba, amma ta iya zama da manya. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi ƙwaya nawa take sha, ta ce gaskiya take so, ba abin da zai yi mata daɗin ji ba. Sannan ta ce irin wannan magani in jiki ya saba da shi ba a yanke shi rana ɗaya, yankewar ce ta kayar da ita, kuma tana iya kisa. Sauka ake yi a hankali, kamar daga tsani. Ta ce kuma a ƙarƙashin ƙwayar akwai ciwon damuwa, shi ne ya hana barcin tun farko, yana da maganinsa daban, yana kuma son a riƙa zuwa ana magana.

Ɗanta ya ce, "Likita, wato ku ci gaba da ba ta abin da ya lalata ta?"

Ta ce, "Da rai muke son ta kai ranar da za ta daina. Abin da nake nema shi ne wanda zai riƙe maganin a hannunsa, wanda ba ta iya yi wa wayo."

Duk suka juyo suka dube ni. Ban yi musu ba, don gaskiya ce.

Haka na zama mai ajiya. A tsohon gwangwanin turare nake sa ƙwayoyin, kowace yamma in ratsa ƙofa in kai mata abin da likita ta ce, in tsaya har ta haɗiye. Da aka zo rage rabi, da reza nake tsagawa, ina kanne ido ɗaya. Sai ta ce, "Sannu kemis. Wanda kika ba ni jiya ya fi wannan girma, kin fara ha'inci." In ce, "Buɗe baki, Hajiya, kafin in ƙara tsaga shi." Sau ɗaya ta zame, ta aika aka sayo mata a ɓoye. Na gane daga yadda harshenta ya yi nauyi. Raina ya ɓaci, na shirya mata maganganu masu zafi tun daga gida har asibiti, amma da ta faɗa wa likita da bakinta, likitar ta riga ni. Ta ce, "Inna, na gode da kika faɗa mini. Za mu koma baya kaɗan mu sake saukowa." Na haɗiye nawa, har yau suna cikina.

Muna cikin haka, ta fara cin abinci, ta fara tsokanata, sai ga manemi ya fito wa autarta. Yaron kirki, iyayensa a unguwar Kongo suke, yarinyar kuma tana sonsa, ko sunansa aka ambata sai ta rasa inda za ta sa fuskarta.

To, a nan ne magana ta zo kaina. A unguwarmu in za a yi binciken aure, gidana ake fara zuwa. Na san kakan kowa, na san wanda aka haifa a wane ɗaki, kuma an san ba na ƙara gishiri, ba na ragewa. Masu bincike kuwa abin da suka fi tsoro shi ne a ce akwai taɓin hankali a dangi. Kuma kun san yadda abin yake: in aka tambayi dattijuwa ta ce, "Ku ƙara tambaya a gaba," to ta gama magana. Shirun ya fi zagi.

Aminiyata ta san wannan sarai. Ta same ni ina tsince shinkafa, ta zauna ta ce, "Na daina zuwa asibitin nan. Wani zai gan ni. Kuma in sun zo wurinki, hawan jini ne ya kayar da ni. Kin ji ko?"

Na ce, "In kin daina zuwa, wa zai rubuta maganin? Komawa kemis za ki yi, ko komawa bakin rijiya?"

Ta ce, "Ni na ci zamanina. Yarinyar nan ba ta ci nata ba."

Na ajiye faranti. Na ce mata sirrinta ba zai fita daga bakina ba, ko wuƙa aka sa mini. Amma ba zan dubi mutane in ce hawan jini ba, don mata sun cika gida ranar da ta faɗi, mai keken da ya kai mu ɗan unguwa ne, kuma ƙaryar da aka ɗaura aure a kanta, amarya ce ke biyanta a ɗakin miji. Ta ce, "To shirunki ai kashe auren ne." Na ce na sani. Ta tashi ta fita, ta ja 'yar ƙofar nan ta sa sakata ta ɓangarenta. Tun da aka fasa ƙofar ban taɓa jin ƙarar sakatar ba sai ranar. Da yamma ta titi na zagaya na kai mata magani, ta karɓa ba ta dube ni ba. Ranar asibiti ta zo ta wuce, ta ƙi zuwa. Ƙwayoyin cikin gwangwani kuwa suna ta raguwa.

Wata Asabar da hantsi suka yi sallama, mata biyu, gwaggon yaron da wata 'yar'uwarta. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa. Aka gaisa, aka tambayi jikoki, aka yi zancen tsadar gawayi. Sannan gwaggon ta gyara zama ta ce, "Inna, an ce in muna son gaskiyar gidan nan na kusa, mu zo wurinki. Yarinya dai ba mu ji komai a kanta ba sai alheri. Uwar ce muka ji wata magana."

Na ce su ba ni minti kaɗan. Na je na ƙwanƙwasa 'yar ƙofa, na ce, "Sun zo. Ba zan faɗa ba, ba kuma zan yi ƙarya ba. Ga su can a tabarmata." Na dawo na zauna, na shiga ba baƙi labarin yadda Tudun Wada take kafin a yi kwalta, ina ja, ina ƙari, su kuma suna kallon juna. A rayuwata ban taɓa yin hira marar daɗi irin wannan ba.

Sai na ji sakata.

Ta shigo da mayafinta na zuwa biki, ta sa kwalli. Ta gaishe su ta zauna. Ta ce, "Ni ce uwar. Abin da kuka ji, a bakina ya kamata ku ji shi. Mijina ya mutu, barci ya gagare ni, na sha ƙwaya har ta fi ƙarfina. Ina ganin likitan ƙwaƙwalwa, ana rage mini ita, ana kuma yi mini maganin damuwa. Shi ke nan, babu wani a bayansa."

Gwaggon ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Kada ki ji haushi, aiko mu aka yi. Abin nan... ana gadonsa?"

Ta ce, "Mutuwar miji? Ina roƙon Allah kada 'yata ta gaje ta da wuri."

'Yar'uwar gwaggon ta sunkuyar da kai. Suka yi addu'a, suka yi godiya, suka tafi.

Da na so in ce muku sun dawo da goro. Ba su dawo ba. Aka aiko cewa uban yaron ya ce a dakata tukuna, kuma kowa ya san ma'anar wannan dakatawa. Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dushe, ina jiyo ta ta katanga. Ni kuwa na duba gwangwani, abin da ya rage ba zai kai mako ba. Na tabbata aminiyata ta gama da ni, ta gama da asibiti.

Ranar da likita ke ganin mutane, ina shan koko sai ga ta tsaye a kaina da jakarta. Ta ce, "Tashi mu tafi. Abin nan ya ci auren 'yata, ba zan ƙara masa da uwarta ba." Muka hau keke. Da muka isa ta sauka ta shiga fuska a buɗe, har tana gaida masu jira a benci.

Ta sauka daga tsanin nan har ƙasa, ba a rana ɗaya ba, ba kuma a wata ɗaya ba. Tandar waina ta sake zafi. Autar ta yi aure daga baya, da wani malamin makaranta a Tudun Jukun, wanda aka faɗa wa komai tun ranar farko.

Abin da na koya, mai irin wannan ciwo ba a fizge shi, riƙe shi ake yi, ko da riƙon yana nufin ka miƙa masa rabin abin da kake ƙi da hannunka. Na kuma koyi cewa tsoron bakin mutane ya fi ƙwayar kanta hana mutum warkewa. Amma kada in yi muku daɗin baki, gaskiyar nan ba kyauta muka same ta ba, kuma ba ni na biya ba. Yarinyar ce ta biya. Tana gaishe ni har ƙasa, tana aiko mini da tuwon sallah, ba ta taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba. Sai dai tun tana ƙarama take cewa in ta haifi mace sunana za ta sa mata. 'Ya'yanta mata uku yanzu, babu mai sunana a ciki. Ban tambaye ta ba, ba kuma zan tambaya ba.