Shanyar Mama a Bangon Falo

Shekarun baya, lokacin da na fara koyarwa a wata makarantar kuɗi a Fatakwal, na kama ciki da falo a Mile 2, Diobu. Tukunya ɗaya gare ni a lokacin, amma abin da na fara saya wa ɗakin hoto ne. A cunkoson motoci na gan shi hannun wani mai talla: ƙaton kwazazzabo tsakanin jajayen duwatsu, dusar ƙanƙara ta kwanta fari fat a kan kowane falalen dutse, sama kuma ta yi duhu. An sa shi cikin firam mai gilashi. Na tambayi mutumin ina ne nan, ya ce, "Madam, na abroad," wato ƙasar waje ce. Amsar ta ishe ni. Na rataye shi a falo ina jin kaina wata 'yar gayu, ni da ko firji ba ni da shi.

Da aka kai wa ƙauyenmu hari a kudancin Kaduna, na je na ɗauko mahaifiyata daga firamaren da aka tara waɗanda suka tsira. Babanmu bai tsira ba, haka ƙanwarta, haka yawancin matan unguwarmu. Ita jikinta lafiya lau, amma hankalinta ya koma baya ya tsaya kafin abin ya faru. Ba ta tambayar Baba, don a wurinta yana gona.

Ranar da muka iso ta tsaya gaban hoton ta daɗe. Can ta ce, "Ikon Allah, wa ya yi shanya haka da yawa?"

A garinmu mata kan jiƙa rogo su daka, su kai dutsen bayan gari su baza ya bushe. Daga nesa sai ka ga dutsen ya yi fari. Abin da Mama ta gani ke nan. Ta fara nuna mini da yatsa: wannan falalen na ƙanwarta ne, wancan na matar fasto, na can ƙasa nata ne, don gwiwarta ba ta son hawa. Na buɗe baki zan ce mata ƙanƙara ce, sai na ga ban san ta inda zan fara ba.

Matsalar ita ce Fatakwal ba ta rabuwa da ruwa. Da zarar hadari ya taso sai Mama ta miƙe tana neman kwando. "Ke 'yar nan, tashi mu je, shanyar mutane za ta jiƙe." Har titi na taɓa kamo ta, tana neman hanyar dutse tsakanin 'yan okada.

Maƙwabciyata, wata Bakanuwa mai sayar da fura, ita ta samo mana dabara. Wata rana ta shigo ta tarar da mu muna kokawa a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe da Mama, sannan ta ciro zani daga igiya ta lulluɓe hoton, ta ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, an rufe shanya. Ko ɗigo ba zai taɓa ta ba." Mama ta sa mata albarka ta koma ta zauna. Daga nan ya zama aikina. Ko a aji nake, in na ga gari ya haɗe sai in kira maƙwabciyar in ce don Allah a rufe shanya.

Duk da haka abin yana ci mini rai. Uwata nake so ta dawo, wadda ta san inda take, ta san abin da na rasa, mu yi kukan tare. Babu taron addu'ar da ban kai sunanta ba. Na yi azumi, na roƙi Allah ya dawo mata da hankalinta.

Wata Asabar da yamma hadari ya taso, na ɗauko zanin kamar kullum. Sai na ji ta riƙe mini hannu. Idonta a kan hoton yake, kuma wani irin kallo ne da na daɗe ban gani ba, na wadda ta san abin da take gani.

Ta ce, "Tun yaushe shanyar nan take a dutse?"

Na ce, "Ta ɗan jima, Mama."

"Kuma ba wadda ta zo ɗaukar tata."

Ta sake ni, ta ce a hankali, "Bar shi ruwan ya dake ta. Masu ita ba za su zo ba."

Daga ranar ba ta sake neman kwando ba. Ba ta sake zancen Baba yana gona ba. Ta daina kallon bangon, ta rage magana, sannan ta rage cin abinci. Kafin damina ta wuce muka binne ta a nan Fatakwal, cikin mutanen da ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba.

An ce lokaci yana rage zafi. Ni dai bai rage mini ba, na saba ne kawai. Abin da na roƙa aka ba ni, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara. A coci har yanzu mutane kan zo su ce in taya su addu'a, tsohuwarsu ta rikice, Allah ya dawo mata da tunaninta. Nakan riƙe hannunsu in rufe ido tare da su, amma bakina ba ya iya cewa amin.