Sauƙin Kawu

A gidan tsofaffin nan na Bron, kusa da Lyon, duk wanda na tambaya sai ya ce mini Kawu yana samun sauƙi. Ni kuwa duk Asabar ɗin da na taso daga Paris na je duba shi, sai in tarar ya ƙara ramewa. Agogonsa har ya fara zamewa zuwa gwiwar hannu. Abin ya ɗaure mini kai ƙwarai.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya baro Damagaram ya zo Lyon tun ban san kaina ba, ya yi fataucin atamfa da takalma har ƙafafunsa suka gaza. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna gida, ni kaɗai ce jininsa a ƙasar nan.

Da farko na ɗora laifin a kan abincinsu. Mutumin da ya saba da tuwo da miyar kuka, a ajiye masa dankalin da aka dama kamar na jariri, ai dole ya ture. Na shiga kasuwar Château Rouge a Paris na sayo kilishi da dabino da farin goro irin wanda yake so. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta sa mini albarka. Da na dawo na tarar da ledar a durowa yadda na kawo ta, goron ya bushe. Kawun da ba ya kai azahar bai ci goro ba. Na ji haushi, na kuma ji tsoro. Ruɗewar tsufa ce? Ko fushi yake yi da mu don mun bar shi cikin baƙi? Na buga wa mahaifiyata, ta ce a yi sadaka. Na yi, ramar ba ta tsaya ba.

Ran nan na tare ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi, wata Bafaranshiya mai haƙuri, na ce ta gaya mini wane irin sauƙi ne ke cinye mutum. Ta ce kwanakin baya ya taɓa cewa bakinsa na ciwo, suka ba shi maganin kurkurawa. Tun daga nan kullum suna tambaya, kullum ya ce ya fi jiya. Ni ban ma san da zancen baki ba. Na ce ta tambaye shi a gabana.

Ta duƙa kusa da kekensa na guragu ta tambaye shi ya bakin, ta ce, "Et la bouche, monsieur?"

Kawu ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai. "Ça va mieux, ma fille." Wato, ya fi jiya, 'yata.

Dafa ƙirjin nan ne ya sa na gane. Haka kakata ta yi ana gobe za ta rasu, ta ce mana da sauƙi. Kawu "da sauƙi" ɗinmu ya juya zuwa Faransanci, su kuma suka ɗauka labarin bakin yake ba su.

Na ja ta waje na yi mata bayani, cewa a wurinmu marar lafiya ba ya cewa babu sauƙi, ko da ciwon ya kai inda ya kai.

Ta ce, "To in ya samu sauƙin da gaske, me zai ce?"

Na ce, "Haka dai zai ce."

Ta dube ni, na dube ta. Ni kaina sai da na ji maganar tawa ta ruɗa ni.

Na koma na durƙusa a gabansa. "Kawu, ba jiki nike gaishe ka ba. Ina ne ke ciwo? Gwada mini da yatsa."

"Ke ɗiyar ga, ba ki da kunya?"

Ban tashi ba. Can ya ɗaga yatsa ya taɓa muƙamuƙinsa. A ranar na san cewa fararen haƙoran Kawu, waɗanda muke yi masa tsiya a kansu mu ce ango, na roba ne. Da ya rame sai suka yi masa yawa, suna gogar dasashi har ya zama gyambo, in ya tauna abu sai jini. Ma'aikatan sun san da su, amma ya ce shi zai riƙa wanke abinsa. Ashe ko barci da su yake yi, don kada yaran da ya haifi kamarsu su shigo su gan shi baki a lotse.

Likitan haƙori ya ce a cire su sai gyambon ya warke. Asabar ɗin da ta biyo na dama kunun gyaɗa na kai masa. Ya amsa gaisuwata da hannu a kan baki.

Ya ce, "Aje nan. Juya mini keken ga wajen bango."

Na juya shi, na miƙa masa kofin ta gefe, na zauna a bayansa ina jin ƙarar cokali. Ya shanye tas, ya miƙo kofin na ƙara masa. Na yi murna, wallahi, har na ji hawaye. Amma har yau ban san ko na kyauta masa ba.

Da zan tafi na ce, "Kawu, zan koma, kada jirgi ya bar ni."

Ya ce, "Uwarki ma ba ta taɓa sanin na roba ne ba. Allah shi kiyaye hanya."

Bai juyo ba.